Inna Shatu ta Gidan Madara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Inna Shatu, matar da ta kafa Gidan Madara a ƙauyen da ke gabas da Dingyaɗi, inda aka turo ni aikin jinya tun ina sabuwar ma'aikaciya.

Inna, na same ki kina dafa madara a babbar tukunya cikin zaurenki. Kin gaya mini abin da ya sa kika fara: kin gaji da ganin matan Fulani suna zubar da nonon da rana ta lalata a hanyar kasuwar Bodinga, su koma ruga da ƙwarya wayam. Kika tara mata, kuka ɗebo ruwa, kuka buga tubali da hannunku, kuka tayar da ɗaki biyu. Da wata ƙungiya ta ga aikin, ta ba ku tankin sanyaya madara da sola. Daga nan kindirmonku da man shanunku suka kai Sifawa, suka kai Shagari, har cikin Sakkwato.

Duk yaron da na auna a asibiti na ga ya rame, wurinki nake tura uwarsa. Ba ki taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Sai dai ki cika kwano ki ce, "Ɗiyata, ba shi ya sha, gobe ki dawo."

Da wurin ya yi albarka, sai maza suka tuna da shi. Aka naɗa kwamiti, Alhaji Badaru ya zama shugaba, mutumin da bai taɓa tatsar saniya ba. Ranar bikin buɗewa sunansa aka rubuta a bango, ke kuma kina can baya kina raba wa baƙi fura. Ban manta safiyar da mota ta zo ɗaukar tankin ba, wai za a kai shi gyara. Kika tare ƙofa, kika ce, "Mi ya same shi? Jiya munka zuba madara, lafiya lau ta kwana." Aka ce ki yi haƙuri, sati ɗaya ne. Daga baya direbobi suka ce sun gan shi a gonar wani babba.

Kin bi ofis-ofis har ƙafafunki suka kumbura. Ana ba ki kujera, ana kiranki uwa, ana cewa ki dawo gobe, ki dawo bayan salla. Madara ta koma lalacewa. Ɓarayin shanu suka ƙarasa sauran, rugage suka tashi. Yau albasar Alhaji Badaru ce jibge a ɗakunan da kuka gina.

Ranar jana'izarki motoci sun cika ƙofar gida. Ina daga cikin gida na ji muryar Alhaji Badaru yana cewa garin nan ya yi rashin jaruma. Zuwaira, Bafillatanar da ta fi kowa daɗewa tana kawo miki nono, ta tako da ƙafa daga nesa, ta zauna a bakin murhunki tana kuka, babu wanda ya yi mata gaisuwa.

A jinyarki ta ƙarshe kin ce mini kin yafe wa kowa. Na riƙe hannunki, amma ni har yanzu zuciyata ba ta kai nan ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna kamar yadda kika shayar da 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Maniru, da ɗiyarki Safinatu, da jikokinki, da matan da kuka yi wahalar nan tare. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Abin da aka yi miki kuwa, Allah Yana gani, kuma a gabanSa babu mai cewa a dawo gobe.