Kawu Ɗanlami da Ɓarawon Tari

Kai jama'a, wa zai manta Kawu Ɗanlami! Mutumin da yake saka wayarsa a cikin safa, ya ƙulle safar da roba, sannan ya jefa aljihu. Shekarun da ya yi yana masinja a kotu su suka ɓata shi: ko ruwa ka ce an yi a Bagauda, sai ya tura hula ƙeya ya ce, "Wa ya gani?"

Kun tuna lokacin da saƙo ya yi ta yawo cewa masu kutse na kira da wata lamba, kana ɗauka an kwashe komai na wayarka? Kowa a Kiru ya tsure. Shi kuwa Kawu, a tsakiyar tasha a Kwanar Dangora ya kwance safarsa, ya kira lambar da kansa.

"Ba ta shiga," in ji shi. "Wane irin ɓarawo ne wannan, ko caji ba shi da shi?"

Ko kansa bai ƙyale ba. Ran nan wayarsa ta koma wani yare, ya fito yana ihu an yi masa kutse. Sai ya tsaya cak a bakin zaure.

"Ɗanlami, ina shaidarka? Babu? To an kori ƙara!"

Ashe zama ya yi a kanta.

Amma ni abin da ya yi mini ba na wasa ba ne. Ina sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani, sai ga saƙon murya daga wayar shugabanmu, Alhaji Garba, a guruf ɗin ƙungiya na waya, ana zagin dagaci tas. Alhaji ya rantse ni na yi masa kutse na kwaikwayi muryarsa, tunda ni na saita masa wayar. Aka ce in kawo hujjar ba ni ba ne, ko a kore ni, a hana gonata ruwan rani. Wallahi na tsorata, tumatir ɗina ya fara fure.

A gaban dagaci Kawu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, an juya shari'a a kife! Wanda ya ce an shiga, shi zai nuna ƙofa. Alhaji, wa ya gani?"

"Malam Ɗanlami, ai abin na'ura ne, ba a gani."

"To a ji!"

Aka kunna saƙon. Can cikin zagin sai ga tari, irin mai fito a ƙarshe, sai kuma muryar mace: "Alhaji, kununka zai huce!"

"Ikon Allah!" in ji Kawu. "Ya saci murya, ya saci tari, ya haɗa har da Hajiya da kunu!"

Alhaji ya buɗe baki zai musa, tarin ya riga shi fitowa, da fitonsa da komai. Har dagaci sai da ya rufe fuska da rawani.

Nan take aka wanke ni. Na bi Kawu ina godiya, ya harare ni. "Kada ka ɗauka don kai ɗan ƙanwata ne. Da tarinka na ji, ni zan fara miƙa ka."

Sai ranar sadakar ukunsa Inna, matarsa, take gaya mini kwana biyu ya yi bai taɓa tuwo ba, waya manne da kunnensa mai ɗan ji, yana maimaita saƙon nan yana cewa, "Ba za su kashe masa gona ba." Nan na fashe da kuka.

Allah ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini, ka haskaka kabarinsa. Amin.