Matar da Baba ya manta ya saka

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, Baba ya yi wa Inna saki uku. Ta auri wani a Bune, daga baya mijin ya rasu. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, aka kwantar da shi a gidan likita nan Gure, wata da watanni, ni ke jinyarsa. Tsufa ya rikita shi har ba ya gane ni.

Ran da Inna ta zo dubiya, sai ya kira ta da sunan da yake kiranta suna amarci, ya jawo hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. Sakin nan ya goge masa tas. Daga ranar ba ya karɓar ko kurɓin fura sai daga hannunta. Ita kuwa, tsohuwa da jikoki, ta zauna bakin gadonsa tana shafa masa man kaɗanya a baya, yana shafa kumatunta, a ɗakin maza, gaban kowa!

Wallahi na ji tsoro. Na yi mata faɗa, na ce haramun ne, ta ce in tafi in wanke kwano. Tsorona Baffa, ƙanen Baba, limami ne mai zafi. In ya ji, korar ta zai yi, Baba kuma ya rufe baki har ya mutu. Duk takun da na ji a baranda sai in leƙa in ga ko shi ne.

Ranar kasuwa Baffa ya shigo babu sallamar kirki. Ya tarar da kan Baba a cinyarta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fitar da ni waje. Na zaci mari ne. Ashe tambaya zai yi, ko ta gama takabar wancan mijin. Na ce tuni. Ya ce to babu abin da ya hana, in nemo goro da shaidu.

Da aka taru, Baffa ya duƙa ya gaya wa Baba aure za a ɗaura masa. Baba ya firgita, ya damƙe zanen Inna da hannunsa mai rai.

"Ina da matata," ya ce. "Don Allah kada ku raba ni da ita."

Inna ta ce, "Ina nan, Malam. Ina zan je?"

Baffa ya karanta fatiha, aka ɗaura musu aure.