Kabewar Iya da Ciyawar Bakin Gona

Shekarar da aka karya darajar sefa, tukunyar gaz ta fi ƙarfinmu, sai girki ya koma tsakar gida a kan murhu. Mu yara daɗi muka ji, domin wutar ta dawo mana da tatsuniya. Da an idar da Magariba, Iya, kakarmu ta wajen uba, za ta jawo kujerarta kusa da garwashi, ni da ƙanena Sani mu zauna a gabanta muna korar sauro. A unguwar Alibandeng ta birnin Libreville muke a lokacin, cikin gidan katako, kuma a bayansa akwai ɗan fili da Iya ke nomawa.

Abin da ta fi ji da shi a filin nan kabewa ce. Irin daga ƙauyensu na ƙasar Katsina ta taho da shi. Kullum ta girbe sai ta ware ƴaƴan wadda ta fi girma, ta shanya. Amma damshin Libreville ba ya barin iri ya daɗe, kuma a shekarar abin da ya rage mata bai cika tafin hannu ba. A bakin filin ta bar zirin ciyayi masu fure da wani ruɓaɓɓen kututture duk huji, ba ta taɓa sa musu lauje ba.

Sai aka shiga kamen baƙi. Takardar zaman Baba ta ƙare, ga jandarma a kowace mararraba, dole ya kulle shagonsa na unguwar Oloumi ya zauna gida. Mutumin da ya saba da ciniki tun safe, in ka zaunar da shi, ai sai ya nemi abin da zai huce a kai. Ya fara zagaya filin yana tsaki. Wata rana ya ce da mahaifiyarmu, yadda kowa zai ji: "Wannan ai gidan macizai ne. A garinmu manomin da ya bar gona haka dariya ake masa. Zan share, in sa rogo."

Iya ta ji shi sarai. Sai dai Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ba ta haɗa ido da shi, in magana ta kama mu take aikawa. Balle ta tare shi ta ce kada ya yi.

Da yammar nan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Baba na kan tabarma a bakin ƙofa, rediyo manne da kunne.

"Ga wata nan ta taho," in ji ta.

"Ta iso, mu ji ta," muka amsa.

Wai wani manomi ne mai tsananin son tsabta, yana da maƙwabta a bakin gonarsa, dukansu ƴan aike. Fure ba shi da ƙafa, in yana da saƙo zuwa ga ɗan'uwansa sai an kai masa, in saƙon bai isa ba kuwa babu ɗa. Ƙudan zuma mai sammako ne, tun raɓa ba ta bushe ba ya gama zagaye. Baƙin ƙwaro mai gunji, wanda ke kwana cikin busasshen itace, shi ke shiga manyan furanni. Malam-buɗe-littafi kuwa malalaci ne, sai rana ta ɗaga yake fitowa da babbar rigarsa. Wani sai ruwan farko ya sauka ake ganinsa, wani sai an ɗauke ruwa. In gona ta bushe, ciyawar bakin gona ke ciyar da su har shuka ta dawo.

"Sai manomi ya ce, me waɗannan ke tsinana min? Ya banka wa bakin gona wuta. Gona ta yi fes kamar tsakar masallaci. Damina ta zo, furanni suka ci ado, suka buɗe ƙofa tun asuba, suna jira. Shiru. Rana ta yi, suka sunkuyar da kai, suka zube. Nan ta tsaya, ni ma na tsaya."

Sai ta juyo ta dube ni, ba Sani ba. "Rabi, kin ji ko?"

"Na ji, Iya."

"Kin dai ji?"

Na ce na ji, ina ta dariyar rigar Malam-buɗe-littafi. Shekarata goma sha ɗaya, ni ce ta ɗaya a ajinmu a lekol, wato makarantar boko, ina haddace shafi guda na Faransanci ba tuntuɓe, amma wannan ɗan saƙon ya wuce ta saman kaina. Baba kuwa ko kalma ɗaya bai ji ba, hankalinsa na kan labarin wa'adin da aka ba baƙi.

Bayan kwana biyu ya sare ciyawar, ya tara a kan kututturen. Ni na miƙa masa ashana. Na tuna baƙaƙen ƙwari suna fitowa daga hujin suna kewaya hayaƙi, Iya kuma na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Da ruwa ya sauka ta shuka irin gaba ɗaya, domin ba zai kai wata shekara ba. Kabewa ta yi yaɗo har kan katangar maƙwabta, furanni rawaya ko'ina. Kullum da safe Iya ta fita ta duƙa tana leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ƴan ƙananan ƴaƴa su fito kamar ƙwan kaza, su yi rawaya, su faɗi. Ko ɗaya ba ta nuna ba. Baba ya ce ƙasar Gabon ce, tsami ya yi mata yawa.

Daga baya takardar Baba ta fito, ta Iya ba ta fito ba, aka shirya ta bi jirgin ruwa tare da masu komawa gida. Ranar da muke ɗaure mata kaya na tambaye ta: "Iya, tunda kin san haka za ta faru, me ya sa ba ki hana Baba ba?"

Ta ci gaba da ninke zaninta. "Na hana mana. Ke na aika."

Na daɗe ina jin haushinta. A ce kunya ta sa mutum ya tsaya yana kallo a ƙone abin da ya ɗauko tun daga ƙauyensu, alhali kalma uku ta isa? Da na girma haushin ya koma kan Baba, mai share abin da bai tambayi amfaninsa ba. Yanzu ina unguwar Angondjé, inda nake ganin ana nome daji har bakin katanga, masu lambu kuma na kukan kuɓewa da yalo ba sa yi kamar da. A bayan gidana na bar ciyawa, maƙwabta suna ce min ƙazama, ni kuma in yi musu bayani dalla-dalla har su gaji.

Su ina iya faɗa musu. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma duk ranar da aka yi miyar taushe sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Iya, ta yi ta fama, amma ƙasar nan ba ta karɓar kabewa." Sai in buɗe baki, in dubi fuskarsa, in ce, "Haka ne, Baba." Saƙon yana hannuna har yau, ban kai ba.