Kan Roka da Akwatin Ɗana

Ranar da suka kawo ɗana, ina zaune a ƙofar gida a unguwar Television ina tsince wake. Motar sojoji ta tsaya, mutum huɗu suka sauko da akwati lulluɓe da tuta. Matarsa ta zube ƙasa. Ni ban zube ba. A wurinmu ba a kai mamaci ƙauye sai uwarsa ta ga fuskarsa, don haka na aika a kira min kafinta ya zo ya cire ƙusoshin.

Babban sojojin ya tare ni, ya cire hula, ya faɗi abin da ya kashe ɗana da wata kalma ta Turanci.

Na ce, "Yallaɓai, ban taɓa shiga aji ba, amma ni na haife shi. Faɗa min da Hausa."

"Mama, kan roka ne."

"Roka na sani, muna ji a rediyo. Kan kuma fa?"

Ya ɗauki muciyata da ke jingine da bango ya nuna min. Wai jikin roka tafiya kawai ya iya. Can gaba akwai ƙarfe mai tsini, nan ake ɗura abin fashewar, shi suke kira kai. Wani lokaci roka ta faɗo kan bai tashi ba, sai ya kwanta a gonar mutane yana jiran garma. Aikin ɗana shi ne ya je ya kwance shi. Ni kuwa duk shekarun nan ce min yake yi shi direba ne a bariki.

"Da hannu yake kwancewa?"

"Da hannu, Mama."

"A durƙushe, fuskarsa a kai?"

Ya mayar da muciyar a hankali.

Kafinta ya iso da gudumarsa. Matan zumuntar cocinmu da suka taru suka tsayar da waƙa suna jirana. Na sa hannu ƙarƙashin akwatin na gwada ɗagawa. Na tsufa ina ɗauko itace daga bayan Kamazou, ba a ruɗa ni da nauyi. Ɗana ƙato ne, ƙofar ɗakina ma sai ya sunkuya. Akwatin ya taso min a hannu ɗaya.

Na ce wa kafinta, "Baba, yi haƙuri, koma shago."

Matar ɗana ta kama bakin zanena. "Mama, ki bari in gan shi, ko sau ɗaya."

"A'a, 'yata."

A rufe muka kai shi ƙauye. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita, a ganinta taurin kaina ne. Na bar ta a haka.