Arba'in Ɗin da Ke Kan Takarda

Kunne ake ce masa, kuma ya ci sunan. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin na'urori na wani gidan rediyo da ke kan tudu a bayan gari, ɗaki mai taga ɗaya, fanka biyu, da kujerar da aka tokare da bulo. Tun daga bakin ƙofa yake jin in wata na'ura ta soma ciwo. Bai gina gida ba, ko babur bai saya ba. Abin da ya mallaka duk duniya katin izinin aiki ne na hukumar sadarwa, wanda in babu shi ko waya ba za a bar shi ya taɓa a gidan rediyo ba. Matarsa takan ce, "Malam, da katin nan yana cin abinci, shi za ka fara zuba wa kafin mu."

Tashoshi biyu gare su, ta labarai da ta kiɗa, duka suna bi ta amfilifaya ɗaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, kafin su hau eriya. Kunne ya san halinta sarai. In ka matsa mata da muryoyi biyu, sai ta haifo ta uku wadda ba wanda ya aika, ta je ta sauka a mitar wasu. Shegiya yake kiran wannan murya ta uku. Ka ƙara ƙarfi taki ɗaya, ita ta yi tsalle uku.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, mutum mai turare da saurin baki. Wata safiya ya tono takardar da ta zo da amfilifayar, ya hau tudu da kansa.

"Kunne, nan an rubuta ƙarfinta arba'in. Kai kana tafiyar da ita a ashirin da biyar. Sauran sha biyar ɗin jikokinka kake ajiye wa?"

Kunne ya juya bayan kalanda ya ja layi biyu. "Ranka ya daɗe, wannan muryarmu ce, wannan kuma shegiyar. Tana ƙasa, amma ta fi gudu. Arba'in shi ne inda za su haɗu da a ce na'ura ba ta gajiya. Lamba ce ta gane ingancinta kawai. Ba a kaiwa can, tun a hanya take shaƙewa."

"Su masu kamfanin mahaukata ne, da za su rubuta lambar da ba a kaiwa?"

Haba! Mutumin da ko fis ɗin lantarki bai taɓa canzawa ba! Kunne ya haɗiye fushinsa, ya yi masa lissafi a gabansa: ninka mitar tasha ɗaya, cire ɗayar, ga inda shegiyar za ta faɗa, daidai kan rediyon oba-oba na 'yan kwana-kwana. Manaja ya ce ƙauyukan hayin kogi suna kukan ba sa jin su, kuma shi bai zo ɗaukar darasi ba. "Ko ka murɗa, ko in kawo mai murɗawa gobe."

Tsoro ne ya kama Kunne, ba wani abu ba. Saura shekara uku ya yi ritaya, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta. Ya murɗa zuwa talatin da uku. Sannan ya buɗe littafin aiki ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu, don bai taɓa barin shafi babu gaskiya ba.

Kwana tara aka yi. Ran na goma da tsakar rana wuta ta tashi a layin kafintoci. Motar kwana-kwana ta ƙarar da ruwanta, suka yi ta kiran ta biyu, ba abin da ke fitowa daga oba-oba sai kiɗa haɗe da labaran wasanni. Shaguna goma sha huɗu suka tafi.

Da jami'in hukuma ya zo, manaja ya ware hannuwa. "Ni ina na san kan na'ura? Ga gwaninmu nan."

Jami'in ya karanta littafin, ya ga layukan bayan kalanda, ya daɗe yana kallon Kunne. "Baba, ashe ka san inda za ta sauka?"

"Na sani."

"Wallahi da ba ka sani ba, da na sama maka hanya."

Ya karɓi katin, ya ari almakashin Kunne ɗin, ya raba shi biyu.

A gida matarsa ta ce, "Ba ka gaya musu manaja ne ya sa ka ba?"

"Hannun wa ya murɗa?"

Ta shiga ɗaki tana kuka. Baƙin cikin da ya danne shi ya fi ƙarfin hawaye, don ba shi da wanda zai tsine wa sai kansa. Washegari ya tashi kamar kullum, ya goge takalmi, ya sa rigar aiki. Ya zauna a bakin ƙofa har rana ta yi zafi, sannan ya koma ciki ya tuɓe.