Kakana da ya ƙoshi da tafiya

Jiya likita ya ce in riƙa tattaki, sai na tuna kakana Baba Sidi, dariya ta kama ni.

Zamanin Turawa masinjan En'e ne. A ƙasa yake kai takardu daga Wurno zuwa Goronyo, har dugadugansa suka tsattsage. Da ya aje aiki, ya shimfiɗa buzu gindin tsamiya, sai dara.

Wata rana amininsa ya ce, "Sidi, taso mu tai kasuwar Gandi mu miƙe ƙafa."

Baba ya ce, "Mi ƙafar ga ta yi maka? Shekara ashirin Bature na miƙe ta. Yanzu tanƙwashe ta nika yi."

Ko masallacin Juma'a, kan jaki yake zuwa.

Ashe shaƙatawar wani ita ce wahalar wani. Naku tsofaffin fa, da mi suka huta?