Wanzamin da Ya Ce Allurata Ce

Shekarar da nake aikin rigakafi a wani ƙauye kusa da Allakaye, wani jariri ya rasu bayan na yi masa allura. Kafin a dawo daga maƙabarta, wanzamin garin ya gama zagaya majalisu yana cewa allurata ce ta kashe shi.

Mata suka daina kawo yara. In na biyo ta bakin rijiya, sai hira ta mutu, kowace ta jawo goyonta gaba. Ni da na karɓi haihuwar rabin yaran garin, na zama abin gudu.

Majo, wato shugaban asibitinmu, ya shigar da rasuwar cikin odinatar, kwamfutar asibiti ke nan, kamar yadda muke yi da duk zazzaɓi ko kumburin da ya biyo bayan allura. Likitoci a Bouza suka bi lambar da ke jikin kwalbar, suka duba yaran da aka yi wa allura mai wannan lambar a Madaoua da Keita. Duk suna nan lafiya lau, ba abin da ya wuce ɗan zafin jiki. Sai suka aiko da tambaya: me kuma aka yi wa yaron bayan allurar?

Ni na kai wa uwar tambayar. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta fashe da kuka.

"Inna, belu anka cire mishi," in ji ta. "Jinin bai tsaya ba. Wanzami ya ce in na hwaɗi, ni za a zarga."

Majo ya bayyana komai a ƙofar maigari, amma gyaran suna bai kai ɓata shi sauri ba. Kafin mata su dawo kawo yara rigakafi, ƙyanda ta shigo. Ta ɗauki yaran da na san iyayensu, na san ranar haihuwarsu. Wanzami kuwa ya ci gaba da wasa askarsa, ko kunya babu. Wallahi na tsane shi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ya aiko matarsa neman yafiya gida-gida, yadda ake yi in mutum ya ji jikinsa. Ta durƙusa a tsakar gidana.

"Malam ya ce ki yahe mishi, don Allah."

Na ba ta ruwa ta sha, don ita ba ta yi mini komai ba. Sannan na ce, "Ki hwaɗa mishi ɓata sunana da ya yi, na yahe mishi. Ɗiyan da ƙyanda ta ɗauka kuwa, ba ni ad da ikon yahewa ba. Shi tahi shi iske su can lahira."